Malam Armiya'u da Ranar da Kasuwar Shinkafi Ta Ƙi Danna Waya

Da an sallame sallar asuba a Kaura Namoda, Malam Armiya'u ba ya komawa shimfiɗa. Kofi ɗaya na kunun tsamiya yake sha, ya rataya jakarsa, ya taka da ƙafa zuwa wani ɗan ɗaki da ke bayan shagon ɗinki a hanyar tashar jirgi. A ɗakin akwai tebur, da kujera mai ƙafa uku da bulo ɗaya, da kwamfutar da aka ɗaure murfinta da roba, sai wata tsohuwar rajistar makarantar firamare mai baƙin bango. Rajistar yake fara buɗewa kafin kwamfuta. Shekara goma sha ɗaya ke nan haka yake yi, kuma har yau rabin unguwar sun ɗauka gyaran waya ce sana'arsa.

Ga ainihin aikin. Akwai wani kamfani a Legas mai manhajar tura kuɗi ta waya. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba su biya ni kuɗin talla ba. Duk kalmar Hausa da ke cikin manhajar nan, daga gaisuwar farko zuwa ban haƙurin da take yi maka in sabis ya ɗauke, ta hannun Armiya'u ta bi. Sai su aiko masa da layukan Turanci ɗari uku da safe, su ce suna so kafin azahar. Shi kuma ya ce musu to. Yakan ba su bayan kwana tara.

Abin da ke cinye kwanakin shi ne dokar da ya kafa wa kansa: abu ɗaya, kalma ɗaya, ko'ina, kullum. In ya ce Tura a shafin farko, Tura ce a shafi na arba'in, Tura ce a saƙon da zai shigo maka bayan ka tura, Tura ce bana, Tura ce baɗi. Kuma kalma ba ta shiga rajista sai da shaidu uku, kamar ɗaurin aure. Sharaɗin shaida ɗaya ne: kada ya zama ya yi boko. Armiya'u ba ya tambayar mutum ko ya gane, don ya ce mutanenmu ko da Sinanci ka yi musu magana, kunya za ta sa su ce sun gane. Sai dai ya miƙa maka waya, ya karanta maka kalmar, ya ce, "In ka danna nan, mi za ya samu kuɗinka?" In mahauci da mai nono da ɗan acaɓa suka ba da amsa iri ɗaya, kalma ta ci. Sai ya rubuta ta, ya rubuta sunayensu da kwanan wata.

Malama Saudat, mai POS a Zurmi, ita ta ba ni labarin ɗaya daga cikin kalmomin nan. Ta ce kafin zuwansa, in kuɗi suka fita daga wajen mai turawa ba su isa ba tukuna, sai waya ta nuna "Ana aiwatarwa". Tsofaffi su tambaye ta wa ake aiwatarwa, kuma da laifin me. Wata tsohuwa ta taɓa riƙe mata gefen hijabi tun hantsi har la'asar. Armiya'u ya je tashar mota, ya zauna da direbobi, ya tambaye su yadda suke cewa in kaya sun bar Kaura ba su kai Zurmi ba. Suka dube shi kamar wanda rana ta taɓa, suka ce, "Suna hanya mana." Abin da ke cikin manhajar ke nan yau. Saudat ta ce yanzu tsohuwa na jin haka sai ta ce, "Allah shi kawo su lahiya," ta ɗauki kwandonta ta tafi cefane.

Akwai kuma matsalar wuri. Maɓallin da ake dannawa ba ya ɗaukar harafi fiye da goma sha biyu. Armiya'u da gyaɗa yake ƙirga su, ƙwaya ɗaya harafi ɗaya, a jere a kan tebur. In kalma ta yi tsawo, sai ya cinye abin da ya wuce, ya sake tunani. Uwargidansa, Hajiya Yalwa, ta ce abin har gida ya bi shi. In yau ta ce a miƙo mata ludayi, gobe ta ce a kawo mata ludayi, sai ya ɗago kai daga cin tuwo ya ce, "Hajiya, ki tsai da guda."

Ranakun kasuwa yakan bi masu POS zuwa Sakajiki da Kasuwar Daji da Katuru, ya tara waɗanda ba su karatu, ya nuna musu kalmomi shida har su riƙe kamanninsu da ido: Tura, Cire, Duba, Tabbatar, Fasa, Koma. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi kuɗin mai. Kullum da magana ɗaya yake rufewa: "Duk ranar da kunka ga wata kalma ba waɗanga ba, kada ku danna. In kuma kunka ga waya na yi muku kirari, ɓarawo ne ke sallama. Banki bai yi ma mutum kirari."

To, yanzu sai inda na shigo, kuma da so samu ne da na tsallake wurin.

Bara aka yi wa Armiya'u aikin yanar ido a Gusau. Likita ya ce sati shida ba kallon kwamfuta, ba shiga rana. Ana cikin haka Abdulbasit, wakilin kamfanin a nan Arewa, ya bugo ya ce akwai sababbin layuka goma sha bakwai da ake so da gaggawa. Armiya'u ya aika aka kira ni, abokinsa tun kwalejin horon malamai. Ya ɗora min rajistar a cinya, ya ce, "Ɗahiru, layi goma sha bakwai. Kahin ka rubuta komi, ka duba nan." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Shekara ashirin da uku ina koyar da adabin Hausa a sakandare, wai ni za a nuna wa rajista.

Na buɗe kwamfutar, sai na ga ba layi goma sha bakwai kaɗai ke ciki ba, duk aikin ne a baje. Na ƙirga Tura sau casa'in da huɗu. Ni da nake jan layi da jar biro ƙarƙashin duk ɗalibin da ya maimaita kalma sau biyu a sakin layi ɗaya! Tausayin abokina ya kama ni. Na ce bawan Allah, ashe talaucin kalmomi ke damunsa, yana ta ɓoyewa. Na zage damtse. Tura ta zama Aika a nan, Miƙa a can, Isar da a gaba. Duba ta zama Leƙa, wani wurin Bincika. Tabbatar ta zama Na amince. A shafin farko, inda ya rubuta Sannu kawai, na sa: "Barka da zuwa, ya kai ma'abocin asusu mai daraja." Rajistar kuwa ta yi min amfani ƙwarai, a kanta na riƙa ɗora kofin shayi.

Ranar Laraba aikina ya bayyana a wayoyin jama'a. Ranar Alhamis kasuwar Shinkafi ke ci.

Da hantsi Hajiya Yalwa ta bugo min. Ba ta ko tambayi iyali ba. "Malam Ɗahiru, mi kay yi ma wayar mutane? Ka zo yanzu, ga shi nan yana neman takalmi da ido guda."

Na same shi tsaye a zaure, filasta a idon hagu, hula a karkace. Wani falken shanu, Alhaji Mainasara, ne ya bugo masa daga kara, inda ake cinikin shanu. Labari ya gama kasuwa cewa 'yan damfara sun shige cikin manhajar. Kowa ya ga baƙin kalmomi, kowa ya ga kirari, kowa ya tuna abin da Malam ya faɗa. Ba mai danna komai. Masu dabbobi sun ce tsaba kawai za su karɓa. Cikinsu akwai Lado, wani dattijon Bafulatani daga wajen Katuru, wanda ya sayar wa Mainasara bijimai biyu, ya ce a ƙirgo masa kuɗinsa a hannu, yau zai koma gida da su.

Ba sai na yi wa mutumin yankinmu bayanin hanyar nan ba. Kowa ya san waɗanda ke zaune a dajin, kuma kowa ya san labarin wanda ya sayar da sa yakan riga shi fita daga kasuwa. Abin da ya sa Lado ya yarda ya koyi waya ke nan tun farko: ya tafi gida aljihu ba komai.

Hajiya ta tare ƙofa. "Malam, likita ya ce ba rana."

"Likita bai san Lado ba," in ji shi. "Ɗahiru, tada motarka, in tana tashi."

Ta tashi, bayan wani tela da maƙwabcin Armiya'u sun tura. Har muka kai Shinkafi tagar mota yake kallo. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Mun isa bayan azahar. Lado na tsugune a gindin tsamiya, sanda a kafaɗa, wayarsa a ƙulle cikin leda kamar abin da ya mutu. Gabansa ga buhun taki, wanda Mainasara ya bi masu POS ɗaya bayan ɗaya ya cika da takardun kuɗi. Idanu kuwa, na sani da na baƙi, duk suna kan buhun.

Lado ya miƙe da ya ga Armiya'u. "Modibbo, kai ne da ido ɗaure? Ka ga abin da ka hwaɗa muna ya hwaru. Sun shiga. Tawa kalmar mai gajeren jiki ta ɓace, sun sa wata. Har kirari sunka yi min. Ban danna ba."

"Ka yi daidai, Baffa Lado."

Na ja Armiya'u gefe, na yi ƙasa da murya. Na ce ai abin mai sauƙi ne. Ya hau benci ya gaya musu Leƙa da Duba duk ɗaya ne, su danna, magana ta ƙare. Shi za su yarda da shi.

Ya juyo min da lafiyayyen idon. "Awo, za su yarda. In na ce musu yau su danna kalmar da ba su sani ba, ranar da ɓarawon gaske ya aiko tashi, mi za su tuna? Za su ce ai rannan ma Modibbo ya ce ba komi. Ba ni hwaɗin haka, Ɗahiru. Kalmominsu za a maido musu."

Ya buga wa Abdulbasit waya. Abdulbasit ya ce maido da tsofaffin kalmomi ba wuya, daga Legas ake sako su, amma sai manajan ofishinsu ya sa hannu, manaja kuma yana mitin.

"To shiga mitin ɗin."

"Baba, ba a shiga."

"Ƙohwa gare shi?"

"Akwai ƙofa, Baba."

"To shiga."

Lado dai ya ce shi ba zai jira Legas ba. Baburan Katuru na ƙarshe kafin ƙarfe biyar suke tashi, bayan nan ko nawa ka ba ɗan acaɓa ba zai bi hanyar ba, kuma ba wani namiji a rugarsa da zai kwana da shanu. Ya sunkuya zai ɗauki buhu. Sai Armiya'u ya tattara babbar rigarsa, ya yi bisimilla, ya zauna daram a kan buhun.

Duk kara ta juyo, har shanu.

"Modibbo, kuɗina ne ka zauna ma."

"Na sani. Ƙahwata ta gaji. Marar lahiya ne ni, ka gani."

Wanda ya san Fulani ya san an gama da Lado. Dattijon Bafulatani ya sa hannu ya ture malami, malamin ma mai ɗaurarren ido, a gaban jama'a? Ya zaga buhun sau ɗaya. Ya koma ya tsuguna, ya kau da kai, ya ce da tsamiya wata magana da Fillanci wadda ban nemi a fassara min ba.

Jama'a suka matso suna tambaya, su wane ne ɓarayin, daga ina suke. Armiya'u ya ce, "Ba ɓarayi ba ne. Malamin makaranta ne. Ga shi nan." Ya nuna ni da haɓa. "Hau benci, Ɗahiru, ka karanta musu abin da ka rubuta, su san muryar mai shi."

Na hau. Na taɓa tsayawa gaban sufetocin ilimi guda biyar, ban yi gumi irin na ranar ba. Na fara: "Barka da zuwa, ya kai ma'abocin asusu mai daraja."

"Wanga ne?" in ji wani mahauci. "Ɓarawo da wanga takalmi?"

"Shi sake hwaɗin ta," in ji Mainasara. "Tun da aka haihe ni ba a taɓa ce min ma'aboci ba."

Na sake. Wata mai fura ta tambaya ko waƙa ce, kuma ina mai amshi. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, Aika, Miƙa, Isar da, kowace na faɗa sai Armiya'u ya ce daga kan buhu, "Wagga ba tamu ba ce. Kun yi daidai da ba ku danna ba." Sau goma sha ɗaya aka tabbatar wa kasuwar Shinkafi cewa ta fi ni hankali.

Tsamiyar ba ta da wata inuwar kirki, kuma rana ta juyo ta gefen idon da aka yi wa aiki. Na ga ruwa na bin ƙasan filasta. Na ce ya koma mota, ni in zauna a buhun. Ya ce ni Lado zai iya ture ni, kuma jama'a za su taya shi. Duk minti goma sha biyar sai ya buga wa Abdulbasit waya. Aka kira la'asar, ya ce mu je mu yi, shi zai yi tasa in ya tashi daga buhun. 'Yan acaɓan Katuru suka fara tada babura. Na farko ya tafi, na biyu ya tafi. Lado ya miƙe tsaye, ya daina kallon tsamiya, buhun yake kallo.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin Abdulbasit ya bugo da kansa, yana haki. Ya shiga mitin ɗin. Ya ce kowa ya rufe manhajar ya sake buɗewa.

Lado ya kwance ledarsa a hankali. Ya ɗaga wayar sama inda sabis ke kamawa, ya sauke, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kai ta gaban lafiyayyen idon Armiya'u.

"Ita ce?"

"Kai za ka hwaɗa min, Baffa."

Ya sake dubawa. "Ita ce. Ta dawo. Kirarin ma ya tahi."

Mainasara ya tura. Lado ya danna Duba da babban yatsansa, ya ga lambobinsa, ya gyaɗa kai. Sai a lokacin Armiya'u ya ce in kama shi ya tashi, don ƙafar ta mutu da gaske. Mainasara ya rungumi buhunsa ya koma neman masu POS, yana ce wa duk wanda ya gamu da shi ma'aboci. Lado ya hau babur na biyun ƙarshe, ba komai a jikinsa sai sanda da waya da goron naira ɗari biyu. Muna hanyar Kaura, gab da magariba, ya bugo. "Modibbo, na iso." Armiya'u ya ce alhamdu lillahi, ya jingina kai, sannan ya ce min idon na yi masa zafi.

Idon ya kumbura. Likita ya yi faɗa, Hajiya ta ɗora daga inda ya tsaya. An yi magani, amma bai koma yadda aka so ba, kuma ƙananan haruffa yanzu wahala suke ba shi. Shi ya sa ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ya miƙa wa Malama Laila Na'ibi, wadda ta yi wata takwas tana bin sa kasuwanni. Bai taɓa ɗora min laifi a gaban mutane ba tun daga ranar. In mu biyu ne, yakan yi, kamar sau ɗaya a mako.

Armiya'u na Yalwa, mai kalma ɗaya. Kai ne ka yi shekara goma sha ɗaya kana aikin da in ya yi kyau ba mai lura da shi. Sunanka ba ya ko'ina a cikin manhajar nan. Kamfanin ma da suka aiko maka takardar yabo, sunan wani suka rubuta, ka karɓa ka ce ai shi ma wataƙila yana ƙoƙari. Kai ne ka gane cewa wanda ba ya karatu, in ya riƙe kamannin kalma, amana ce ya ba ka, kuma ba ka da ikon canza masa ita don ka gaji da ganinta. Ranar da aka ba ka zaɓi tsakanin idonka da maganar da ka faɗa wa mutanen Katuru, ka zauna a rana.

Mun gode, Malam. Allah ya ƙara wa idon haske, ya sa ka ga jikokin jikoki da shi, ya saka maka da abin da kamfani bai iya biya ba.

Ku kuma masu rubuta abin da talaka zai danna, ko ya sa wa hannu, ko ya haɗiya, a banki ne ko asibiti ko ofishin ƙaramar hukuma, ku taka ku je inda yake ku tambaye shi abin da ya fahimta. In kun samu kalmar da ta zauna masa, ku bar masa ita. In hannunku na ƙaiƙayin gyara, ku zo Kaura ku neme ni. Ina da labarin wani benci a Shinkafi, kuma ba na karɓar ko kwabo wajen ba da shi.